Tarihin Koton Ƙarya da Darasinsa ga Masuntan Ƙasar Yauri

 

Duk wanda ya tashi a bakin kogin Kwara ya san su ba baƙon abu ba ne a gare mu. Sarkawa da Gungawa sun gaji birgi da taru da kalli da gura da mamari tun kaka da kakanni, yara kuwa da fatsa suke fara koyo, su tono tana su soka a ƙugiya. A wannan fitowa ta bana mun ga ya dace mu kawo tarihin wani kayan su da aka ƙago a ƙasashen Turawa, wato koton ƙarya mai siffar kifi, domin akwai abin lura a cikinsa game da makomar ruwanmu.

Yadda abin yake

Ɗan ƙaramin kifi ne da ake sassaƙawa da itace marar nauyi ko a zuba da roba, a yi masa fenti da idanu, a rataya masa ƙugiya mai baki uku a ciki da wutsiya. Sirrinsa yana ga wani ɗan faifai da ake kafawa a ƙarƙashin bakinsa kamar leɓe. Idan masunci ya jefa shi, ya shiga naɗe zare da ɗan injin da ke jikin sandarsa, sai ruwa ya bugi leɓen, koton ya nitse yana karkaɗawa hagu da dama. Mai gajeren leɓe yana tafiya kusa da saman ruwa, mai dogon leɓe kuwa yakan gangara can ƙasa. Da an daina naɗi, sai ya taso sama. Babban kifi mai farauta yakan ɗauka ɗan kifi ne mai rauni, ya kai masa cafka. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Daga Amurka zuwa Finlan

A shekarun 1890 wani mai kiwon zuma a garin Dowagiac na jihar Michigan ta Amurka, mai suna James Heddon, ya fara sassaƙa koto da itace, kuma a 1902 iyalinsa suka mayar da abin sana'a. Kamfanin Creek Chub na jihar Indiana ya biyo baya da koto mai leɓen ƙarfe, wanda ya sami takardar mallakar fasaharsa a 1920.

Amma wanda sunansa ya fi yaɗuwa a duniya shi ne Lauri Rapala, mutumin ƙasar Finlan da aka haifa a 1905. Talaka ne tilis, yana ƙwadago a gonaki da dazuzzuka, yana kuma su a tafkin Paijanne domin ciyar da iyalinsa. Cikin zaman kwalekwale ya lura cewa idan garken ƙananan kifaye suka gifta, babban kifi ba ya bin masu lafiya, wanda ke tangaɗi a cikinsu shi yake zaɓa. A 1936 ya ɗauki wuƙar baduku, ya fere ɓawon itacen da ake toshiyar kwalba da shi, ya naɗe shi da takardar azurfa ta alewar cakulan, sa'an nan ya narka tsohon fim ɗin hoto ya shafe shi don kada ruwa ya shiga. Haka ya yi ta gyara har koton ya riƙa tangaɗi irin na kifi mai rauni.

Shekaru da dama abin bai wuce ƙasarsu ba. A 1959 wani ɗan kasuwa na jihar Minnesota, Ron Weber, ya ci karo da koton, shi da abokinsa Ray Ostrom suka shiga shigo da shi Amurka. A 1962 mujallar Life ta buga labarinsa a fitowar da ke ɗauke da hoton Marilyn Monroe bayan rasuwarta, fitowar da aka saya ƙwarai. Nan da nan oda ta yi wa iyalin Rapala yawa, har aka gina masana'anta a ƙaramin garinsu na Vaaksy, mutanen karkara suka sami aikin yi. Lauri Rapala ya rasu a 1974, sunansa kuwa ya zama sunan kamfani da aka sani a ƙasashe masu yawa.

Ina ruwanmu da wannan labari?

Ruwanmu giwan ruwa da tsage. Waɗannan kifaye biyu mafarauta ne, kuma suna cikin waɗanda masu su da koton ƙarya suka fi nema a Afirka. A Masar, bayan an gama madatsar Aswan a 1970, tafkin Nasser ya zama matattarar manyan giwan ruwa. Daga shekarun 1990 baƙi daga Turai suka riƙa zuwa suna biyan kuɗin jirgi da na jagora, su ja koto a bayan jirgi, su kama, su auna, su ɗauki hoto, yawanci kuma su mayar da kifin ruwa da ransa. A can ne aka kama giwan ruwa mai nauyin kilo 104 a shekarar 2000. Mu ma a nan gida an ga mai kilo 75 a bikin kamun kifi na Argungu na 2005.

Tafkin Kainji sa'an tafkin Nasser ne. An datse Kwara a 1968, ruwa ya cinye tsibirai da gonaki, aka tashi mutane kimanin 44,000, cikinsu har da Gungawanmu masu yawa. Da farko kifi ya yi albarka, domin a 1971 an kama fiye da tan 28,000. Kafin 1978 abin ya faɗo zuwa kimanin tan 4,500. Wani ɓangare na wannan faɗuwa ɗabi'ar sabon tafki ce, amma yawan masunta da raga mai ƙananan idanu sun ƙara dagula lamarin. Dala, wadda ake ja domin warangi, takan kwashe har da 'ya'yan manyan kifaye da ba su kai tsawon yatsa ba. Wasu marasa tsoron Allah kuma suka riƙa zuba gamalin a ruwa. A shekarun 1990 wani shirin haɗin gwiwa tsakanin Nijeriya da Jamus ya yi aiki tare da sarakuna da sarakunan ruwa, aka shigo da lasisin su, aka haramta dala. Sai dai doka ba ta tsare kanta, sai da masu tsaron ta.

Abin da ya rage gare mu

Darasi na farko shi ne, dukiyar Rapala daga lura ta fito. Irin wannan sani yana nan jibge a kawunan tsofaffin Sarkawa: sun san gurbin da giwan ruwa ke kwanciya, da watan da kowane kifi ke ƙwai, da abin da tsage ke bi idan ruwa ya fara ja. Dattawan nan suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Ya kamata wannan ƙungiya ta ɗauki nauyin ɗalibanmu su zauna da su, su rubuta abin da suka sani.

Na biyu, fasahar Rapala ta daɗe a ƙauye sai da ta sami waɗanda suka san kasuwar birni. Wannan gurbi namu ne, mu da Allah ya kai birane muka san ofisoshi da 'yan kasuwa. Masassaƙan da ke fafe kwalekwale ba za su kasa fere ɗan kifi ba, idan an kai musu samfuri, an kuma nemo musu masu saye. Bikin Rigata ma wuri ne da za a iya gwada gasar kamun kifi da sanda, idan Allah ya zaunar da ƙasa lafiya.

Na uku kuwa shi ne mafi nauyi. Koto komai kyansa ba ya kama kifin da babu shi. Giwan ruwa sai ya shekara da yawa kafin ya ƙasaita, wanda kuwa aka kwashe a dala yana ɗan yatsa ba zai kai ko'ina ba. Wajibi ne mu mara wa masarauta da sarakunan ruwa baya wajen hana dala da guba, mu kuma taimaka wa masu ita da jarin wata sana'a, domin yunwa ce ke kai da yawansu ga ɓarna.

Masu iya magana sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Allah ya albarkaci ruwanmu, ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu ikon riƙe amanar da suka bar mana, amin.