Fanɗarewa a Ƙasar Jega, Aliero da Maiyama

Fanɗarewa, a wurin masana ilimin zamantakewa, ita ce kauce wa ƙa'idojin da al'umma ta yi ittifaƙi a kansu, ko shari'a ta hukunta mai yin ta, ko zargin jama'a kaɗai ya hau kansa. Tun a 1377 Ibn Khaldun ya bayyana cewa ni'imar birni kan raunana asabiyya, wato haɗin kan al'umma, kana Durkheim na Faransa ya nuna a 1897 cewa idan sauyi ya zo da gaggawa, tsohuwar ƙa'ida kan sassauta kafin sabuwa ta kafu.

A Jega, Aliero da Maiyama, inda a da gandu ke riƙe ɗa a gonar ubansa, kasuwar Jega da cinikin albasar Aliero da jami'ar da aka kafa can a 2006 sun ba matashi kuɗin kansa da abokai baƙi, wanda alheri ne babba, sai dai ya rage ikon maigida. Mafi ciwon nau'in fanɗarewa a Arewa shi ne shaye-shaye, har gwamnatin tarayya ta haramta maganin tari mai kodin a 2018.