Daga Jangali Zuwa Allurar Bushiya: Yadda Mai Shanu Ya Koyi Tsoron Takarda



Duk wanda ya taɓa zama a kara, ko ta Akinyele a Ibadan, ko Oko-Oba a Agege, ko Lokpanta, ya san akwai tambayar da ba a yi wa mai shanu kai tsaye, wato "shanunka nawa?" In ka yi ta, murmushi za ka samu, ko a ce maka 'yan kaɗan ne, alhamdu lillahi. Da yawanmu mun tashi muna cewa kunya ce irin ta Fulani, ko tsoron baki. Akwai wannan. Amma in muka waiwayi tarihi za mu tarar da wani dalili mai nauyi: shekaru ɗaruruwa, duk lokacin da hukuma ta zo ƙirga garke, kuɗi ta zo karɓa. Wannan tsoron ya shafi lafiyar dabbobinmu da cinikinmu, kuma har yau bai sake mu ba.

Jangali ya girmi zuwan Turawa nesa ba kusa ba. Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa Sarki Kutumbi, wanda ya yi mulki daga 1623 zuwa 1648, shi ne sarkin Kano na farko da ya karɓi jangali daga Fulani, kuma a lokacin shanu ake bayarwa. Da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya ƙara masa yarda, ya zo lissafa ɗabi'un zalunci na sarakunan zamaninsa a cikin Kitabul Farƙi, jangali na cikin abubuwan da ya ambata. Bayan jihadi zakka ce abin da shari'a ta ɗora wa mai garke, sai dai jangali bai mutu ba, ya ci gaba a masarautu da dama.

Babbar masifar da ta girgiza makiyaya kuwa ba daga fada ta fito ba. A 1887 sojojin Italiya suka shigo da shanu ta tashar ruwa ta Massawa a Eritiriya, shanun kuma suna ɗauke da ciwon bushiya. Cikin 'yan shekaru ciwon ya ratsa Habasha da Sudan, ya iso yankin tafkin Chadi da ƙasar Hausa wajen 1890 zuwa 1891. Saniya za ta yi zazzaɓi, idanu da hanci su yi ta zuba, baki ya yi gyambo, sai zawo ya biyo baya, kafin kwana goma ta faɗi. A wurare da yawa takwas ko tara cikin kowace goma suka mutu. Mutumin da ya wayi gari da garke ɗari, wata bai ƙare ba ya koma ba shi da abin tatsa. Wasu suka zauna suka kama noma dole, wasu suka koma yi wa masu hali kiwo, aka yi ta sake tara garke daga 'yan maruƙan da suka tsira.

A wannan hali Turawan Ingila suka tarar da makiyaya lokacin da suka ci Kano da Sakkwato a 1903. Garkuna sun fara farfaɗowa, Lugga kuwa yana neman kuɗin tafiyar da mulki. Bai soke jangali ba, gyara shi ya yi. Aka mayar da shi kuɗi a kan kowane kan saniya, ana karɓa da damina, lokacin da shanu suka zauna a mashekari ba sa nisa. Arɗo ya tara mutanensa, hakimi ya fito da malaminsa da dogarai, a ƙirga, a rubuta, a ba da rasit, kuɗin ya tafi baitulmalin En'e. Wannan ɗan rasit shi ne takardar hukuma ta farko da yawancin makiyaya suka taɓa riƙewa. Ana naɗe shi a saka cikin laya ko kwalba, domin wanda ya rasa shi yana iya biya sau biyu in ya tsallaka wata gunduma.

Su ma makiyaya ba su zauna sun zuba ido ba. Da an ji ƙishin-ƙishin ɗin masu jangali, sai a raba garke, samari su kora rabi zuwa cikin daji ko bayan dutse, a bar abin da za a nuna. Wasu su tsallaka wata masarauta, wasu su shige ƙasar Faransa har a gama. Masu karɓa su ma sun san wasan, don haka akan yi ciniki: ka ce talatin, su ce sittin, a daidaita a arba'in da ɗan abin goro. Tsofaffinmu suna ba da wannan labari da dariya, amma in aka matsa musu sai su tuna da waɗanda aka ɗaure a jikin itace a rana har sai sun faɗi inda sauran shanun suke.

Matsalar ta fito fili ne da aka zo batun allura. Ma'aikatar kula da lafiyar dabbobi ta fara aiki a Zariya, sannan a 1924 aka koma Vom a kan tsaunin Jos, inda aka riƙa haɗa maganin rigakafin bushiya. Rigakafin farko yana da wahala. Sai an kai shanu sansani, a yi musu allura biyu, ɗaya mai ɗauke da ƙwayar cutar, ɗaya mai kashe kaifinta, a tsare su makonni ana dubawa, wasu kuma sukan mutu a nan. Duk da haka makiyaya da suka ga bambanci sun riƙa kai shanunsu, don wanda ya ga bushiya sau ɗaya ba ya son sake ganinta. Sai dai malamin dabbobi ma da littafinsa yake zuwa, shi ma ƙirga yake yi, kuma shi da malamin jangali En'e ɗaya suke yi wa aiki. Mutumin da ya ce wa hakimi shanunsa arba'in, ta yaya zai kai tamanin wurin allura? Sai ya kai arba'in ɗin, sauran su zauna a daji ba rigakafi, cuta ta samu maɓoya a cikinsu.

Mu da muke nan Kurmi, kakanninmu ta ɓangaren fatauci suka haɗu da takarda. Saboda ƙudan tsando da ciwon sammore, farin sa na Arewa ba ya daɗewa a dajin Kudu, dole a kawo shi a sayar a yanka da wuri. Kafin jirgin ƙasa, da ƙafa ake koro shanu, a tsallaka Kwara a Jebba, a biyo ta Ilori da Ogbomosho da Oyo har Ibadan, tafiyar makonni, dabba na ramewa a hanya. Layin dogo ya isa Kano a 1911, ya kai Kauran Namoda a 1929, Nguru a 1930, masu hali suka fara loda shanu a tarago. Gwamnati ta kafa tashoshin bincike a kan hanyoyin fatake, inda ake duba lafiyar shanu a ba da takardar izinin wucewa. Ita wannan takarda, a gaskiya, tana da amfani, domin garken fatauci shi ne ya fi saurin yaɗa cuta daga kasuwa zuwa kasuwa.

Abin da ya fi ba mu sha'awa shi ne abin da ke faruwa bayan shanun sun iso. Wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna a Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, ya rubuta littafi da ya fito a 1969, ya bayyana yadda ake cinikin. Falke zai sauka gidan maigidansa, maigida ya ba shi masauki da abinci, dillalansa su nemo mahauta Yarabawa, a sayar musu da shanu bashi, su yanka su sayar su kawo kuɗi bayan 'yan makonni. Ba sa hannu, ba lauya, ba kotu. In mahauci ya ci amana, maigida ne zai biya falke daga aljihunsa, shi kuma mahaucin ba wanda zai sake ba shi ko akuya a kasuwar. Dukiya mai yawan gaske ta riƙa yawo tsakanin Nguru da Ibadan a kan kalmar baki kawai. Mutanen da ake cewa ba su san lissafi ba, su ne suke riƙe da bashin mahauta ɗari a ka, ba kuskure. Lissafinsu suke ɓoye wa hukuma.

A 1962 aka ƙaddamar da gagarumin shirin rigakafin bushiya da ake kira JP15, aka fara da Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi. A lokacin an samu sabuwar allura da wani likitan dabbobi Bature, Walter Plowright, ya haɗa a Kenya, wadda ba ta kashe dabba kuma tana kare ta har iya rayuwarta. Kyauta ake yi, ma'aikata ne ke bin makiyaya har inda suke, saniyar da aka yi wa kuma sai a huda mata kunne. A ganinmu wannan hujin kunnen ya fi duk wani rasit aiki. Shaida ce da saniya ke yawo da ita a jikinta, kowa na iya gani, kuma ba ta faɗin sunan mai ita ko yawan 'yan'uwanta. Cikin 'yan shekaru bushiya ta yi ƙasa sosai har aka ɗauka an gama da ita.

Ba a gama ba. Shirin ya ƙare a 1976, gwamnatoci suka yi sakaci da yi wa sababbin maruƙa allura. A 1983 ciwon ya dawo Najeriya da ƙarfinsa. Masu shekaru a cikinmu sun tuna yadda mushe ya cika burtali, yadda ake sayar da sa a kuɗin tunkiya don kada ya mutu a hannu, da yadda mutane suka riƙa neman allurar da a da ake roƙonsu su karɓa, ba ta samuwa. Sai da aka sake wani shiri na Afirka baki ɗaya daga 1986. An ga ciwon na ƙarshe a Kenya a 2001, a 2011 kuma aka sanar da cewa an kawar da bushiya daga doron ƙasa, cuta ta biyu bayan agana da ɗan Adam ya taɓa gamawa da ita.

Jangali fa? Yaƙi da shi na cikin abin da NEPU ta Malam Aminu Kano ta tara jama'a da shi. Da PRP ta ci Kano da Kaduna a 1979, Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali, aka yi ta murna a ruga da ƙauye, kuma murnar tana kan hanya. Amma akwai abin da ba a cika faɗa ba. A da, ko don kuɗinsa, hukuma na da dalilin sanin inda makiyayi yake da kuma kiyaye masa burtali da mashaya. Da kuɗin ya daina shigowa, tattalin arziki kuma ya taɓarɓare a shekarun 1980, asibitocin dabbobi na ƙananan hukumomi da yawa suka koma kango. Dokar makiyaya ta Jihar Arewa ta 1965 ta tanadi keɓe filayen kiwo, an ware sama da 400 a faɗin ƙasa, amma kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai aka yi wa cikakkiyar rajista. Sauran, da ba su da takarda, gonaki da gidaje sun cinye da yawansu. Takardar da makiyayi ya fi bukata ke nan, ita ce kuma bai samu ba.

Yau bushiya ta tafi, amma ciwon huhu yana nan, da boru mai kama baki da kofato, da sammore, da hanta, da kirci, da bakkale mai sa ɓari. A watan Yulin 2023 an tabbatar da ɓullar ciwon saifa a wata gona kusa da Suleja, har aka yi ta jan kunnen jama'a kan cin ganda. Yawancin masu shanu yanzu su ne likitocin kansu. A sayi kwalba a tebur ranar kasuwa, ta sha rana, wataƙila ma jabu ce, a ƙiyasta nauyin sa da ido a danna masa. In ya warke an gode Allah, in bai warke ba a kira mahauci tun da sauran numfashi.

Kuɗin da aka soke a ruga kuma ya dawo a kan kwalta. Direban tirela da ya taso daga Potiskum ko Maigatari ko Mubi zai iso mana da damin rasit, na jiha, na ƙaramar hukuma, na duba lafiya alhali ba wanda ya leƙa cikin motar, ban da wanda ake miƙawa ba rasit. Kowace tsayawa ƙarin zafi ce ga dabbobin da ke cunkushe, kuma duk a kan farashin nama yake ƙarewa. Yawan shingaye da karɓe-karɓen hanya na cikin koke-koken da 'yan kasuwar shanu da kayan abinci suka gabatar lokacin da suka dakatar da kawo kaya Kudu a ƙarshen Fabrairun 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha. Banki kuwa, in ka je neman rance, takardar fili zai tambaye ka, garken miliyoyin naira ba ya zama jingina. Shi ya sa da aka canja fasalin naira, takardun kuɗi suka yi wuya a farkon 2023, kara ta ji jiki ƙwarai: mai sa daga ruga ba shi da asusu, ba ya karɓar turawa ta waya, mai saye kuma ba shi da tsaba.

A watan Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta ƙirƙiro ma'aikata ta musamman don bunƙasa kiwo, ana kuma maganar sa wa dabbobi alama a kunne da yi musu rajista, don maganin sata da bin sawun cuta. Muna ganin abu ne mai kyau, musamman ga mu da muke sayen shanun da ba mu san asalinsu ba. Amma duk jami'in da zai shiga ruga da littafi ko kwamfuta, tambayar farko da za a yi a zuci ita ce nawa za a biya a kan kowane kai, kuma wa zai ga wannan lissafi. Lokacin da gwamnati ta yi babban ƙidayar dabbobi na ƙasa a 1990, wanda ya ba da kimanin shanu miliyan 13.9, daga cikin ƙaramin jirgin sama aka ƙirga yawancin garkunan makiyaya.