Aradu, Kyanwa da Karaduwa: Tarihin Sunayenmu a Kan Teku



Mu mutanen Gusau, Tsafe da Bungudu, ruwan da muka sani shi ne gulbin da ke cika da damina ya janye da rani. Shi ya sa idan aka ambaci jirgin ruwan yaƙi sai mu ɗauka zancen mutanen Legas ne. Amma mu duba sunayen jiragen rundunar sojan ruwan Najeriya, wadda aka kafa a 1956: Dorina, Damisa, Aradu, Kyanwa, Kada, Karaduwa. Harshenmu ya daɗe yana yawo a kan teku, alƙalaminmu ne bai bi shi can ba.

Kafin mu shiga tarihin waɗannan jiragen, ya kamata mu san yadda ake haihuwar jirgi, domin a nan ne marubuci kan yi tuntuɓe. Misali mafi sauƙin bi shi ne na Kanada, ƙasar da arewacinta teku ne mai daskarewa. Ta ba kamfanin Irving da ke Halifax aikin ƙera jiragen sintiri masu iya ratsa ƙanƙara, shida domin sojan ruwa, biyu domin masu gadin gaɓar teku. Na farkonsu, Harry DeWolf, mai tsawon sama da mita 100, an fara aikinsa a 2015, aka saka shi a ruwa a Satumbar 2018. A ranar an yi murna, amma jirgin bai gamu ba. Sai a Nuwambar 2019 ya fita gwaji a teku, aka miƙa shi ga runduna a Yulin 2020, aka kai shi cikin ƙanƙara a farkon 2021 don a ga ƙarfinsa, sannan ya shiga aiki a hukumance a Yunin shekarar. Kusan shekara uku ke nan tsakanin taɓa ruwa da kama aiki.

Me ake yi a wannan gwajin? Abin da makaniken kirki a Gusau yake yi idan ya sauke inji ya mayar: ba ya miƙa makulli sai ya hau titin Tsafe ya taka mota, ya saurari ƙararta, ya gwada birki. Haka ake kora jirgi iya gudunsa, a juya shi da ƙarfi, a tsayar da shi kwatsam, a duba injuna da na'urar hango nesa. Maƙera su fara nasu gwajin, masu saye su yi nasu, kuma duk aibin da ya fito a koma a gyara.

To ina ruwanmu da ƙanƙara? Ga Kyanwa. An ƙera ta a garin Duluth na Amurka lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ta fara aiki a 1944 da sunan Sedge. Tsawonta ƙafa 180 ne, kuma an ƙarfafa gabanta domin fasa ƙanƙara. Ta shafe shekaru masu yawa a ruwan Alaska tana kula da alamomin da ke nuna wa jirage hanya. A 2002 Amurka ta miƙa wa Najeriya ita, aka raɗa mata sunan Hausa. Jirgin da aka yi domin sanyin da ke daskarar da ruwa ya koma sintiri a zafin Tekun Gini yana da shekara kusan 60. Abin da ya kai ta wannan shekarun shi ne ƙira mai kyau da kulawar da ba ta yanke ba.

Labarin Aradu ya sha bamban. Kamfanin Blohm da Voss ne ya ƙera shi sabo fil a Hambug ta Jamus, a zamanin da kuɗin man fetur ke shigowa. An saka shi a ruwa a 1980, ya shiga aiki a 1982. Tsawonsa ya kai mita 125, ya fi filin ƙwallo, kuma shi ne jagoran jiragen ƙasar nan. A 2005 ya je Ingila bikin cika shekara 200 da yaƙin Tarafalga. Bayan haka ya shafe shekaru a ɗaure a tasha yana jiran gyara. Sayen doki daban, ciyar da shi daban.

Sayen na waje bai tsaya ba. A Fabrairun 2015, lokacin da ɗan garinmu Janar Aliyu Muhammad Gusau yake ministan tsaro, Shugaba Jonathan ya ƙaddamar da jirage huɗu a Legas, ciki har da Centenary da aka ƙero a Sin da Okpabana da aka karɓo daga Amurka. Sai dai tun kafin nan an fara wani abu mafi muhimmanci, wato ƙira a gida. A ma'aikatar jiragen runduna da ke Legas injiniyoyinmu suka ƙera Andoni mai mita 31, aka ƙaddamar da shi a 2012. Karaduwa ya biyo a Disambar 2016, da sunan da muka sani na gulbin da aka yi wa madatsar Zobe a maƙwabciyarmu Katsina. Oji ya zo a Disambar 2021. Kowanne ya fi na gabansa girma. Ba su kai Aradu ba, amma wanda ya ƙera abu da hannunsa ya san inda zai taɓa idan ya lalace.

Wannan ba labarin nesa ba ne. Takin zamanin da manomin Bungudu ke jira, da kayan gyaran babur ɗin ɗan acaɓar Tsafe, akasarinsu ko kayan haɗa su ta teku suke shigowa. Idan 'yan fashin teku suka yi yawa, kuɗin inshorar jirage ya hau, kuma ƙarin a kasuwarmu yake sauka.

Darasinmu a nan, 'yan uwa, shi ne kalmar "ƙaddamarwa". Mun saba cusa komai a cikinta: fara aiki, saka jirgi a ruwa, miƙa shi, shigarsa aiki. Ranaku ne daban-daban, kuma mai rubuta tarihi da ya haɗe su ya ɓatar da mai karatu. Mun kuma saba rufe littafi ranar da aka yanke ƙyalle, alhali tarihin Aradu da na Kyanwa duk bayan bikin aka yi su.

Ga aikin wannan mako: kowannenmu ya zaɓi aiki ɗaya a garinsu, gada ce, ko rijiyar burtsatse, ko asibiti. Ya nemo ranar da aka fara, ranar da aka yi biki, ranar da jama'a suka fara amfana, da halin da yake ciki yau. Abin da bai tabbatar ba, kada ya rubuta.

Allah ya ƙara mana basira, ya ba jiharmu zaman lafiya. Sai mako mai zuwa.