Babur Mai Ƙafa Uku Da Ya Ƙi Mutuwa

A shekarar 1970 kamfanin Honda ya kai wa Amurkawa wani ɗan babur mai ƙafa uku, US90, wanda daga baya aka raɗa wa ATC90. Dillalan babura ne suka nemi abin da za su riƙa sayarwa da hunturu, sai injiniya Osamu Takeuchi ya ƙera musu wanda zai ratsa yashi, taɓo da ƙanƙara. Ba shi da sifirin. Manyan tayoyinsa masu taushi ne ke shanye gargada.

Sai dai yana saurin kifewa a kwana, kuma irinsa sun ci rayuka, har da na yara. A 1988 kamfanoni suka yi yarjejeniya da gwamnatin Amurka, suka daina sayar da sababbin masu ƙafa uku. Mai ƙafa huɗu, wanda Suzuki ya fitar tun 1982, shi ya gaji kasuwar.

Duk da haka, har gobe tsofaffin suna tashi. Injinsu dangin na Super Cub ne, silinda guda, iska ke sanyaya shi. Yawancin hidimarsa ba ta wuce wanke kafireto, canza fulogi da baƙin mai, da ɗame sarƙa ba. Kamfanonin China irin su Lifan sun kwaikwayi wannan tsari, shi ya sa kayan gyara ba su yanke ba.

Mu masu rubuta manhaja mun san haka a wurin aikinmu: abin da kowane bakanike zai iya buɗewa ya fahimta, shi ke daɗewa. Amma duk wanda ya tayar da tsohon ATC ya shiga kwana a hankali, domin gyaran inji ba ya ƙara masa ƙafa ta huɗu.