Idan maɓallan sitiyari sun daina aiki: abin da ya kamata direba ya duba

Masu sauraronmu na Diffa da ƙauyukan bakin Komadugu, yawancin motocin da ke shigo mana yanzu, Hilux ne ko Corolla ko RAV4, suna zuwa da maɓallai a jikin sitiyari: na ƙara sauti, na canza tashar rediyo, na amsa kira. Ranar da suka mutu, direba yakan ce ai ba komai, tunda mota na tafiya. To, a nan ne muke jan hankali. Wayar da ke kai wuta ga waɗannan maɓallai ita ce dai ke kai wuta ga oda da jakar iskar da ke kare ƙirjin direba a lokacin haɗari. Mutuwar maɓalli takan zama alamar farko cewa waccan wayar ta fara tsinkewa.

Yadda abin yake aiki

Sitiyari yana juyawa, amma sauran wayoyin mota a tsaye suke. Abin da ke haɗa su wata siririyar waya ce mai faɗi, naɗe kamar gammo cikin akwatin roba a bayan sitiyari. In ka karya kan mota ta gefe ɗaya sai ta ƙara naɗewa, in ka karya ta ɗaya gefen sai ta warware. Tsawonta bai wuce ya ba ta juyi kusan biyu da rabi ta kowane ɓangare ba. A Faransanci ana ce mata kontaktar turnan, a Najeriya kuma kulok sifirin. Mu dai a nan za mu kira ta naɗaɗɗiyar waya.

Abu uku ke kashe ta. Na farko tsufa, domin kullum cikin lanƙwasa take. Na biyu ƙura da yashi, kuma duk wanda ke bin hanyar Geskeru, Tumur ko Bosso ya san abin da iskar hunturu ke zubawa cikin mota. Na uku hannun mai gyara: in aka kwance ƙarfen sitiyari daga ƙasa aka bar shi yana juyawa sakaka, wayar na iya tsinkewa nan take.

Matsalar ba ta tsaya a kanmu ba. A watan Afrilun 2014 kamfanin Toyota ya nemi a maido da motoci kusan miliyan 3.5 a faɗin duniya saboda wannan waya, ciki har da Hilux, RAV4 da Corolla. A 2015 Volkswagen ma ya janye motoci kusan 420,000 a Amurka, saboda datti na shiga cikin akwatin yana yaga wayar.

A fara da abin da ba ya cin kuɗi

Kafin a je gareji, tada mota a inda take, ka gwada waɗannan:

1. Danna maɓallan ɗaya bayan ɗaya. In guda ne kawai ya ƙi, ko yana maƙalewa, galibi datti ne ko shayin da ya zube ya bushe a ciki.
2. Danna oda. In ita ma ta yi shiru tare da maɓallan, zargi ya koma kan naɗaɗɗiyar waya.
3. Dubi fitilun gaban direba. Fitilar jakar iska, mai hoton mutum zaune da ƙwallo a gabansa ko mai rubutun SRS, tana kamawa in an murɗa makulli, ta mutu bayan ƴan daƙiƙoƙi. In ta ƙi mutuwa, jakar na iya ƙin buɗewa ranar haɗari.
4. Riƙe maɓallin sauti kana juya sitiyari a hankali daga ƙarshe zuwa ƙarshe. In ya yi aiki a wani wuri ya ɗauke a wani, ko shakka babu wayar ta tsage.
5. Duba fiyus. A murfin akwatinsa akwai zanen da ke nuna na oda da na rediyo. Wanda ya ƙone a sa mai lamba irin tasa. Kada a ɗaure shi da zaren waya, haka mota ke kamawa da wuta.

In an canza rediyo

Nan ne mutane da yawa ke asarar kuɗi. Ana cire rediyon da ya zo da mota a sa mai babban gilashi irin na Android, washegari maɓallai su mutu, a ce sitiyari ya lalace. Alhali lafiyarsa lau. A motoci da dama kowane maɓalli yana aika wuta mai ƙarfi dabam ta waya ɗaya ko biyu, sabon rediyo kuwa bai san wannan yare ba sai an koya masa. A bayansa akwai wayoyi masu rubutun KEY1 da KEY2. A haɗa su, sannan a shiga wurin saiti a danna maɓallan bi da bi har ya gane su. Sababbin motoci suna buƙatar wani ƙaramin akwatin fassara tsakanin rediyo da kwamfutar mota. In odar na aiki kuma fitilar jakar iska ta mutu yadda ta saba, a koma wa wanda ya ɗaura rediyon tukuna.

Motar da ta shiga ruwa lokacin da Komadugu ta cika kuwa, a sa a duba mahaɗan wayoyi a ƙarƙashin sitiyari. Tsatsa mai launin kore tana hana wuta wucewa, kuma wankewa da maganin goge waya kan isa.

Sauya naɗaɗɗiyar waya

Wannan aikin mai gyaran wutar mota ne, domin dole sai an ciro jakar iska, ita kuwa da wani sinadari mai fashewa take aiki. Amma mai mota ya tsaya a wurin ya ga an bi waɗannan ƙa'idoji. A daidaita tayoyin gaba su miƙe sak. A kashe mota, a cire baƙar wayar batir, a jira. Toyota na cewa aƙalla daƙiƙa 90, ƙarin ƴan mintoci ba ya cutarwa. Mahaɗai masu launin rawaya na jakar iska ne, ba a sa musu mitar awon wuta. Jakar da aka ciro a ajiye ta fuskarta sama, nesa da yara. Sabuwar waya tana zuwa da ƴar sakata da ke riƙe ta a tsakiya, ba a zare ta sai an gama ɗaurawa. In ta kwance ce, sai an juya ta a hankali har ƙarshe, a dawo da ita rabin juyinta, alamomin jikinta su yi daidai. In ba haka ba, karyawar farko za ta tsinke ta.

Wasu sukan ja wa oda wani maɓalli a gefe su ce an gama. Oda dai ta dawo, amma jakar iska tana nan a mace. Haka nan liƙe fitilar ko cire ƙwanta yaudarar kai ce.

Ga ƴan uwa na nesa

Ku da ke Yamai, Damagaram, Kano, Libiya ko Faransa kuna aiko wa gida kayan mota, ku nemi a turo muku lambar shasi ta WhatsApp. Harufa da lambobi 17 ce, tana kan kart giriz. A haɗa da hoton lambar da ke jikin tsohuwar wayar. Hilux biyu na shekara ɗaya na iya bambanta, wata mai maɓallai wata babu, kuma mahaɗansu ba ɗaya ba ne.

Direban da ke ɗauko tattasai ko fasinja a kan titin Maine-Soroa ya san amfanin oda in raƙumi ko garken awaki ya faɗo hanya. Saboda haka kafin a bar gareji, a gwada ta, a gwada maɓallan ana juya sitiyari ta kowane gefe, a kuma tabbatar fitilar jakar iska ta kama ta mutu da kanta. Allah ya kiyaye hanya.