Faifan Garmaho: Tsakanin Mono Da Sitiriyo

Har gobe akwai dattawa a Kura da Bunkure da ke cewa tsohon faifai ya fi fitar da muryar mawaƙi tangaran. Kada mu yi saurin cewa son tsohon abu ne, domin maganar tana da tushe.

Faifan farko duk mono ne, wato sauti hanya ɗaya. Allura tana kaɗawa dama da hagu cikin zanen faifai, murya da kiɗa su fito a dunƙule. A 1931 Alan Blumlein na kamfanin EMI a Ingila ya yi rajistar dabarar sitiriyo, amma sai 1958 faifanta ya bazu a kasuwa. A nan kowane gefe na zanen yana ɗauke da nasa sautin, ɗaya na lasifikar dama, ɗaya na hagu, har mutum ya ji kamar makaɗa da 'yan amshi sun jeru a gabansa.

To amma sitiriyo yana da sharaɗi: lasifika biyu, mai sauraro kuma ya zauna tsakiyarsu. Ga shi allurarsa tana jin motsin sama da ƙasa, don haka ƙura da ƙarzuwa sun fi yi masa ƙara.

A nan ne tarihin yankinmu ya shigo. An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ya biyo magudanai har Kadawa, kuɗin alkama da tumatir suka fara shiga hannun manoma. Sai dai manomi a bakin gona ko teburin mai shayi yake sauraron waƙa, ga ƙura, ga akwati mai lasifika ɗaya. Waƙar Hausa kuwa magana ce jigonta. Ɗan Maraya Jos shi kaɗai ne da kuntiginsa, me za a raba dama da hagu? Mono ya wadatar. Kafin sitiriyo ya zauna da gindinsa, kaset ya kori duka biyun.

'Yan'uwa marubuta, Mamman Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya a 2015. Faya-fayan da suka rage zafi na lanƙwasa su a ɗakunan shirgi, kowane ɗaya ya lalace kuwa yana iya tafiya da Hausar da ba mu rubuta ba. Mu nemo su, mu kwafe, mu rubuta baitocinsu. Da tsohuwar zuma ake magani.