Ruwan Ƙarƙashin Ƙasa da Tarihin Alƙalawa

Masu tarihi sukan fara labarin Alƙalawa da yaƙi, ni kuwa da ruwa zan fara.

A tsakiyar ƙarni na 18 Sarkin Gobir Ibrahim Babari ya kafa wannan birni a ƙasar Zamfara, a bakin Gulbin Rima. Mutanen da kakanninsu suka taso daga Azbin ba sa bukatar a koya musu darajar ruwa. Gulabe uku ne ke ciyar da Rima a wannan yanki, watau Gulbin Maraɗi, da Bunsuru, da Gagare. Dukkansu sukan ƙafe da rani, amma in mutum ya tona rairayin kwarinsu, sai ruwa ya tsattsafo. Dalili kuwa shi ne, ambaliyar damina tana nutsewa cikin yashi da tsakuwar da gulbi ya shimfiɗa shekara da shekaru, ta kwanta can inda rana ba ta iya shanye ta. Da wannan ajiya Gobirawa suka shayar da dawaki, suka yi noman rani da jigo, har birnin ya faɗi a hannun mayaƙan jihadi a 1808, aka kashe Yunfa. Da Ɗan Halima ya zo kafa Sabon Birni, bai yi nisa da wannan kwari ba.

Kudu maso gabas da Isa kuwa al'amarin dabam ne. Can ƙasa ta hau kan tsohon dutse wanda ba ya shan ruwa sai ta tsagoginsa. Maginin rijiya na iya dacewa a nan, ya matsa taki kaɗan ya tarar da dutse busasshe.

Wannan bambanci, wanda magina suka daɗe da sani da hannunsu, shi Anderson da Ogilbee, masana daga Amurka, suka bayyana a rahotonsu na 1973 kan ruwan ƙarƙashin ƙasar Sakkwato, shekarar da fari ke cin Sahel.

To, ma'aikata, ga inda maganar ta shafe ku. An kammala madatsar Goronyo a 1984, amma tana ƙasa da Sabon Birni. Waɗanda ke sama, irin ta Jibiya a kan kogin Gada, su ke iya rage ambaliyar da ke cika rairayin nan. Rijiyoyin burtsatse da injunan ban-ruwa sun yawaita a fadamu tun shekarun 1990, kuma duk daga tulu ɗaya suke ɗiba. Kafin a sa hannu a kan kwangilar sabuwar rijiya, ya kamata a fara auna zurfin ruwan tsofaffin a ƙarshen rani.